Daskararren batir da tambayar alhaki

Kowane zamani yana da wani abin ƙira da yake rataya wa fatansa. An yi lokacin jirgin ƙasa, an yi lokacin wutar nukiliya. A masana'antar mota ta wannan ƙarni kuwa, abin da manyan kamfanoni suke ambato cikin ɗoki shi ne wani batir wanda babu ruwa a cikinsa, wato daskararren batir. A watan Yuni na 2023 kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya ba da sanarwar cewa tsakanin 2027 da 2028 zai fitar da mota mai aiki da lantarki wadda wannan batir zai kai ta kilomita 1,200, kuma a cika shi cikin minti 10 ko ƙasa da haka. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Yamai zuwa Damagaram ya san nauyin wannan magana: mota ta cinye wannan tafiya dukanta, ta yi saura, ba ta sha ko ɗigon mai ba, ba ta bar hayaƙi a bayanta ba.

Injiniya zai tambaya ko abin zai yiwu. Ɗan kasuwa zai tambaya nawa za a sayar. Akwai wata tambaya ta uku wadda ba a cika jin ta a bakin waɗannan biyun ba, alhali ta girme su: idan ɗan Adam ya gyara kayan aikinsa, shin ya sauke alhakin da ya ɗauka wajen ƙera shi? Fasaha tana iya wanke abin da hali ya ɓata?

Abin da yake cikin batir

Kafin a yi hukunci a kan abu, wajibi ne a san shi. Batirin litiyom da yake cikin wayar hannu da cikin motar lantarki gefe biyu gare shi. Ɗaya gefen haɗin ƙarafa ne, galibi nikel da kobalt da manganis. Ɗayan girafit ne, irin baƙin abin nan na cikin fensir. Tsakaninsu akwai ruwa, da wani siririn mayafi wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyom suna ratsa ruwan su je su sauka cikin girafit. Idan mota ta kama hanya, sai su komo gefen da suka baro, wutar da wannan komowa take haifarwa ta bi waya ta juya injin. Mutum uku ne suka kafa tushen wannan ilimi: Stanley Whittingham a shekarun 1970, John Goodenough a jami'ar Oxford a 1980, da Akira Yoshino a Japan a 1985. Kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991, su ukun kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2019.

Raunin wannan batir yana cikin ruwan nan, domin mai cin wuta ne. Idan mayafin ya huje, gefe biyun suka haɗu, zafi ya tashi, gobarar da take biyo baya tana da wuyar kashewa. Dabarar daskararren batir ita ce a cire ruwan da mayafin gaba ɗaya, a sa wani abu mai tauri a madadinsu: tangaran, ko wani gilashi mai farar wuta a cikinsa, ko wata roba ta musamman. Idan an yi haka, ana fata a jefar da girafit a sa tsantsar ƙarfen litiyom, wanda yake riƙe caji kusan ninki 10 na abin da girafit mai nauyinsa yake riƙewa. Daga nan nisan tafiya da saurin caji suke fitowa.

Wuyar aikin ita ce ruwa yana shiga kowane lungu, abu mai tauri kuwa ba ya shiga. Gefen batir yana kumbura yana motsewa a kowane caji, kamar ƙirjin mai numfashi, sai tangaran ya rabu da abin da ya kamata ya manne masa, ko ya tsage. Litiyom kuma yana da halin fitar da wasu siraran ƙayoyi masu tsiro daga gefe ɗaya su nufi ɗayan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. A cikin batir, ƴar tsagar da ido ba ya gani ta ishi ƙayar litiyom ta ƙetare. Nau'in mai farar wuta yana da tasa matsalar: idan ya haɗu da damshin iska yana fitar da iska mai guba, saboda haka masana'antar da za ta haɗa shi sai ta fi hamada bushewa. A ɗakin gwaji an shawo kan yawancin waɗannan. Abin da ya gagara shekara da shekaru shi ne a ƙera miliyoyinsu, kowane daidai da ɗan'uwansa, a kan farashin da mai sayen mota zai iya biya.

Alƙawari da masu jiransa

Tunanin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1830 Michael Faraday ya lura a Landan cewa wasu daskararrun sinadarai suna barin wuta ta ratsa su idan sun yi zafi. Daga farkon shekarun 1970 aka fara sa wani ƙaramin daskararren batir na litiyom cikin na'urar da ake dasa wa masu ciwon zuciya, ya kuma ceci rayuka masu yawa. A 2011 Ryoji Kanno da abokan aikinsa a Tokyo suka gano wani sinadari mai tauri wanda litiyom yake ratsawa da sauri irin na ruwa. Daga nan kuɗi suka fara kwarara. Kamfanin Dyson na Ingila ya sayi wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Sakti3 a kan dala miliyan 90 a 2015, ya kuma yi watsi da shirin motarsa a 2019. Toyota da kansa ya ce a 2017 batirinsa zai fito a farkon shekarun 2020, kafin ya ɗaga zuwa 2027. A ƙarshen 2020 darajar kamfanin QuantumScape a kasuwar hannun jari ta zarce ta kamfanin Ford, a lokacin da bai sayar da batir ko ɗaya na mota ba, Ford kuwa ya shekara fiye da 100 yana ƙera motoci.

Nijar ma ta ga wani reshe na wannan tarihi. Kamfanin Bolloré na Faransa ya ƙera batir mai daskararriyar roba, wanda sai an riƙe shi da zafin digiri 60 zuwa 80 yake aiki. Shi ne yake cikin ƙananan motocin haya na Autolib' da suka yi yawo a titunan Paris daga 2011 zuwa 2018, kuma irinsa aka girka tare da faifan hasken rana a filin Bluezone na Yamai. A watan Afrilu na 2022 manyan motocin safa biyu masu irin wannan batir suka kama da wuta a Paris, hukumar sufurin birnin ta janye guda 149 daga hanya. Ashe taurin ciki kaɗai bai isa ya zama kariya daga gobara ba.

Ba daidai ba ne a kira duk wannan yaudara. Mai bincike da ya ce shekara biyar sun ishe shi, suka wuce bai gama ba, kuskuren fata ya yi, kuma da babu irin wannan fata da ba a gano komai ba a duniya. Goodenough yana da shekara 97 lokacin da ya karɓi Nobel, kuma yana zuwa ɗakin gwajinsa har a wannan shekaru. Irin wannan haƙuri shi ne wanda ake cewa mai shi yakan dafa dutse. An kuma fara ganin romon: a watan Disamba na 2023 shugaban kamfanin Nio na ƙasar Sin ya tuƙa mota kilomita 1,044 da caji ɗaya, da batir mai ɗan sauran ruwa a ciki, a 2025 wata motar gwaji ta Mercedes ta tashi daga Stuttgart ta Jamus ta isa Malmö ta Suwidin, kilomita 1,205, ba ta tsaya caji ba.

Amma haƙuri iri biyu ne. Akwai wanda mutum yake ɗora wa kansa, akwai wanda yake ɗora wa wasu ba da shawararsu ba. Masu sukar Toyota sun daɗe suna zarginsa da cewa ya riƙe alƙawarin batirin gobe a hannu ɗaya, yana jan ƙafa wajen sayar da motar lantarki ta yau da ɗaya hannun. Motarsa ta lantarki zalla ta farko da ya baza a kasuwannin duniya sai a 2022 ta fito. Ko zargin ya tabbata ko bai tabbata ba, ya nuna wani tarko da kowane mai hankali yake iya faɗawa: a ƙi yin abin da ya samu saboda ana jiran abin da ya fi. Masu biyan kuɗin wannan jira ba su zauna wurin yanke shawarar ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019. A 2020 wata kotun bincike a Landan ta yanke cewa gurɓatar iska tana cikin abubuwan da suka kashe wata yarinya ƴar shekara 9 a 2013, wadda gidansu yake kusa da wani babban titi. Ga irin wannan yarinya, shekara biyar ta jira ta fi rabin rayuwarta. Alƙawari kaya ne, kuma ya kamata a duba kan wa aka aza shi.

Kukan wa fasaha take ji?

A nan maganar ta fi tsanani. Idan mai karatu ya jera matsalolin da daskararren batir ya zo warwarewa, zai ga abu uku: gajeriyar tafiya, daɗewar caji, da tsoron gobara. Dukansu kukan mai tuƙi ne, wato kukan mai biyan kuɗi. Batir kuwa yana da wasu mutane a bayansa waɗanda ba za su taɓa tuƙa motar ba.

Kimanin kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, daga kudancin ƙasar, kewayen birnin Kolwezi. Mafi yawansa manyan kamfanoni ne suke haƙowa da injuna, amma wani kaso yana fitowa daga hannun masu haƙa da diga da shebur, cikin ramukan da ba su da ginshiƙi ba su da iska. A 2014 aka gano kobalt a ƙarƙashin gidajen unguwar Kasulo, mutane suka shiga haƙa rami daga cikin ɗakunansu na kwana. Rahoton ƙungiyar Amnesty International na 2016 ya kawo ƙiyasin UNICEF cewa yara kusan 40,000 suna aiki a ma'adinan kudancin ƙasar a 2014. A watan Yuni na 2019 ƙasa ta rufta wa masu haƙa fiye da 40 a wata mahaƙa kusa da Kolwezi. A tsibirin Sulawesi na Indonesiya, ƙasar da take fitar da fiye da rabin nikel na duniya, wata tukunyar narka ƙarfe ta fashe a watan Disamba na 2023, ma'aikata 21 suka rasu. A hamadar Atakama ta ƙasar Cile, ana zuƙo ruwan gishiri daga ƙarƙashin ƙasa a shanya shi fiye da shekara guda don a sami litiyom, ƴan asalin yankin kuma sun daɗe suna ƙorafi a kan makomar ruwansu.

Me daskararren batir ya canja a cikin wannan? Ya canja tsakiyar batir, ya canja gefen girafit. Gefen ƙarafa kuwa, a yawancin samfuran da kamfanoni suke gwadawa, yana nan da nikel ɗinsa da kobalt ɗinsa, buƙatar litiyom kuma ba ta ragu ba. Ana iya samun mota mai cin kilomita 1,000 wadda ba ta kama wuta, mai haƙa na Kolwezi yana cikin ramin da yake jiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ba mugunta ba ce ta injiniyoyi. Dalilin ya fi haka zurfi, ya kuma fi ban tsoro. Bincike kuɗi yake bi, kuɗi kuwa suna zuwa inda mai saye yake kuka. Kukan da ba shi da aljihu ba ya isa ɗakin gwaji. Tun 1785 Immanuel Kant ya kafa ƙa'idar cewa bai halatta a riƙi ɗan Adam a matsayin kayan aiki kawai ba, domin kowane mutum abin nufi ne shi da kansa. Idan aka auna masana'antar batir da wannan ma'auni, za a ga mai tuƙi shi ne abin nufi: don jin daɗinsa ake ƙona biliyoyin daloli. Mai haƙa yana cikin lissafi a layin da kobalt yake, wato layin kayan haɗi. Babu wani sinadari, mai ruwa ko daskararre, da zai ɗauke shi daga wannan layi, domin ba sinadari ne ya ajiye shi a can ba.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ya wajabta a saurari masu kare fasaha, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Suna cewa man fetur ma yana da nasa matattun. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni a Najeriya ya nuna cewa share ɓarnar mai a can yana iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Fetur ana ƙona shi sau ɗaya ya tafi sama. Ƙarfen batir ana iya narka shi a sake amfani da shi. Binciken cibiyar ICCT na 2021 ya nuna cewa a Turai, daga ƙira har zuwa ƙarshen rayuwarta, motar lantarki tana fitar da iskar da take ɗumama duniya ƙasa da motar fetur da kashi 66 zuwa 69 cikin 100. Mutanen Sahel, waɗanda damina take yi wa wasa da hankali, ba su ne za su raina wannan ragi ba. Wanda ya ƙi motar lantarki saboda Kolwezi, ya koma wa fetur, ya sauya wanda ake zalunta ne kawai.

Suna da hujja ta biyu wadda ta fi wannan kaifi. Akwai batir mai ƙarfe da fosfat, wanda ba ya buƙatar kobalt ko nikel, wanda ɗakin gwajin Goodenough a Texas ya bayyana a shekarun 1990. Kamfanonin Sin suka rungume shi saboda arha, har ya kai kusan rabin baturan motocin lantarki da aka sayar a duniya a 2024. Ga shi, in ji su, kasuwa da fasaha sun rage dogaro da kobalt ba tare da wa'azin kowa ba. Ashe fasaha tana wanke laifi.

Sai dai a duba abin da ya faru a Kwango. Farashin kobalt da ya haura dala 80,000 kowane ton a 2022 ya faɗo ƙasa da dala 25,000 a farkon 2025, saboda yawan haƙowa da kuma wannan sauyi, har gwamnatin ƙasar ta dakatar da fitar da shi a watan Fabrairu na wannan shekara. Mai haƙa da hannu bai shiga rami don sha'awa ba. Ya shiga don babu wata sana'a da take ciyar da gidansa kamar wannan. Da farashi ya faɗi, ramin bai ragu da zurfi ba, buhun ne ya ragu da daraja. Mai saye a Turai ya sami batir da ba kobalt a ciki, zuciyarsa ta huta, wancan kuma ya ƙara talaucewa. Akwai bambanci tsakanin tsarkake hannu da biyan hakki. Wanda ya ci amfanin gumin mutum shekara 30, sa'an nan ya sami hanyar da ba ya buƙatarsa ya juya baya, bai biya shi ba. Abin da mutanen Kolwezi suke nema sanannen abu ne: ramuka masu ginshiƙi, ma'auni na gaskiya wurin sayar da buhu, makaranta da yaro zai je maimakon wurin wankin ƙasa, da masana'antar tacewa a ƙasarsu, tun da yawancin kobalt ɗin a Sin ake tace shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake jiran wani sabon bincike. An san yadda ake kafa ginshiƙi a rami tun kafin a haifi Faraday.

Idan buri ya fi batir girma

Akwai wani dalili kuma da ya sa fasaha ita kaɗai ba ta kai ga sauke nauyi. A 1865 masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura cewa da injunan Ingila suka ƙware wajen tsimin gawayin ƙasa, sai ƙasar ta ƙara ƙona shi, domin arha tana kiran yawan amfani. Wannan ya riga ya bayyana a motocin lantarki. Batirin motar Hummer ta lantarki ta Amurka yana da nauyin kilo kusan 1,300, ya fi wata ƙaramar mota dukanta nauyi. Ƙarfen da yake cikinsa zai wadaci ƙananan motoci da yawa, ko babura masu lantarki ɗaruruwa. Idan daskararren batir ya rage nauyi, masana'anta tana da zaɓi biyu: ta yi mota mai tafiyar da aka saba da ƙarfe kaɗan, ko ta yi ƙatuwar mota mai tafiyar kilomita 1,000 da ƙarfen da aka saba. Tallan da ake yi ya riga ya nuna wanda aka fi so, alhali yawancin masu mota a Turai da Japan ba sa wuce ƴan gomomin kilomita a yini.

Ivan Illich ya yi gargaɗi tun 1973 cewa idan gudun abin hawa ya wuce wani mizani, sai ya daina daidaita mutane ya fara rarraba su, masu sauri kaɗan a sama, masu tafiyar ƙasa da yawa suna kauce musu. Tambayar nawa ya isa ba ta cikin ilimin sinadarai. Ita ce tsohuwar tambayar wadatar zuci, kuma batir ko na wane iri ba shi da amsarta.

Inda kaya suke ƙarewa

Sauran abu ɗaya: mota tana tsufa. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Ƴan Kwatano da suka cika titunan Maraɗi da Tawa shekara da shekaru shaida ne. A 2024 an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17 a duniya. Babu dalilin zaton cewa idan suka tsufa za su bi wata hanya dabam da wadda magabatansu suka bi, da gajiyayyun baturansu a ciki. Afirka ta Yamma ta riga ta san abin da tsohon batir yake yi idan ya faɗa hannun da ba shi da kayan aiki: tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a Thiaroye-sur-Mer, kusa da Dakar, saboda gubar dalma daga fasa tsofaffin baturan mota. Wane makaniki ne a bakin tasha aka shirya wa ranar da zai buɗe batir mai tsantsar litiyom, wanda ba ya shiri da ruwa, ko mai farar wuta, wanda ba ya shiri da damshi?

Hans Jonas ya yi bayani a 1979 cewa tsohon ilimin ɗabi'a an gina shi ne don maƙwabta, mutanen da suke ganin juna, alhali fasahar zamani ta miƙa hannun ɗan Adam zuwa ƙasashen da bai taɓa gani ba da zuriyar da ba a haifa ba. Saboda haka dole nauyin da yake kansa ya miƙe daidai da tsawon hannunsa. Ƴan Nijar ba sa buƙatar a fassara musu wannan. Daga 1971 uraniyom na Arlit ya shiga cikin abin da yake haskaka biranen Faransa, ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya yake. Da mahaƙar Akouta ta rufe a 2021, tarin dusar ma'adinin ya zauna a inda yake, a ƙasar da a wannan shekara mutum ɗaya cikin biyar ne kawai yake da lantarki. Tsabtar wani wuri takan zama ƙurar wani wuri, kuma nisa yana sa mai cin amfanin ya yi barci lafiya. Amma Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Karin maganar ba ta ce sai mai shi ya san da shi ba.

Amsar tambayar farko ke nan. Fasaha tana rage cuta, kuma rage cuta alheri ne da ba a raina shi. Idan daskararren batir ya yi nasara, birane za su sami iska mai kyau, gobara za ta ragu, masu binciken da suka ba shi rayuwarsu sun cancanci yabo. Amma alhaki dangantaka ce tsakanin mutum da mutum, ana sauke shi da biya, da doka, da yarda a rage buri. Waɗannan ana iya fara su da batirin da yake hannu yau, kuma ana iya ƙin yin su da batirin gobe.

A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta wajabta wa manyan masu sayar da batir su bi sawun kobalt da litiyom da nikel da girafit ɗinsu har zuwa bakin rami, su tabbatar ba a tauye hakkin kowa ba. An tsara wannan sashe ya fara aiki a watan Agusta na 2025; da lokacin ya matso, aka ɗaga shi zuwa Agusta na 2027. Shekarar 2027 ɗin nan ita ce Toyota da Samsung SDI suka ajiye wa daskararren batirinsu. Alƙawari biyu ke nan aka aza wa shekara guda. Na farko yana jiran tangaran ya daina tsagewa, abin da ba ya hannun kowa dukansa. Na biyu ba ya jiran komai sai niyyar waɗanda suka ɗauke shi, kuma da shi ya kamata a auna su.